Ƙwallon Kwando da Littafin Baftisma

A ɗakin da mu ke ajiye kayan sujada a majami'armu akwai wani akwatin ƙarfe. Mabuɗinsa yana hannuna tun 2001, shekarar da aka ɗora mini aikin katekis. Ba zinariya a ciki, ba azurfa. Littattafai ne huɗu masu baƙin bango, inda a ke rubuta duk wanda aka yi wa baftisma: sunansa, da na iyayensa, da ranar haihuwarsa, da sunan wanda ya tsaya masa. Ni ke rubutawa, Fada ya sa hannu. Ban taɓa tsammani wata rana wani zai zo ya taya abin da ke cikin akwatin nan ba, balle a ce saboda wasan ƙwallo. Amma haka ya faru, shi ne kuwa labarin da na ke so in ba ku, musamman ku iyayen da Allah ya ba ku dogayen 'ya'ya.

An haifi ɗana na fari da daminar 2002, a wani ƙaramin gari kusa da Maradi. Tun yana ɗan shekara goma 'yan unguwa suka manta da sunansa na baftisma, sai Dogo kawai. Da ya kai shekara goma sha shida, sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗakin uwarsa. Takalmin da zai shige shi kuwa, sai mun zaga 'yan gwanjo na babbar kasuwa mu dawo hannu wofi. Inda tsayinsa ya tsaya shi ne mita 2 da santimita 3.

A farfajiyar mishan akwai wani fili da wani Fada na dā ya dāɓe da siminti, ya kafa turke, ya ɗaura masa zoben ƙarfe. Nan yara su ke taruwa da la'asar. Ni kam na ɗauki filin nan kamar kishiya, gama sau da yawa sai na fita da tsumagiya na koro su kafin su shigo koyon katekisma. Daga baya ne na ji tarihin wasan, har na ji kunya. Ashe wanda ya ƙago shi, James Naismith, mutumin Kanada ne da ya yi karatun tauhidi. A watan Disamba na 1891, a makarantar ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA da ke garin Springfield a Amurka, aka ce ya nemo wa samari wasan da za su yi a cikin ɗaki lokacin sanyi. Sai ya rataye kwandunan 'ya'yan itace biyu a bisa, ya rubuta dokoki 13. Watau wanda na ke kora da tsumagiya, jikan wani malamin Ikilisiya ne kamata.

Dogo ya shiga lise a Maradi, ya shiga ƙungiyar makaranta, har aka riƙa kai su gasa Yamai. Can ne idon wani mutum ya faɗa kansa.

Mutumin ya zo gidana a farkon 2021, cikin mota mai kyau, da takalman wasa sabbi fil a kwali, daidai ƙafar yaron. Wannan kaɗai ya isa ya sace zuciyar Dogo. Bayan mun gaisa, aka kawo masa ruwa, sai ya shiga kawo sunaye. Ya ce Hakeem Olajuwon daga Legas ya tashi a 1980 ya tafi Jami'ar Houston. Ya ce Joel Embiid da Pascal Siakam 'yan Kamaru ne, a sansanin horo na Luc Mbah a Moute aka gano su, ga su yau duniya ta san da su. Duk gaskiya ya faɗa. Sa'an nan ya rage murya.

Ya ce, "Malam, ɗanka zinariya ne, amma ya kusa wuce lokacin sayarwa. Makarantun sakandare na Amurka ba su barin wanda ya cika shekara 19 kafin a buɗe makaranta ya yi musu wasa. Su kuwa manyan jami'o'i daga can su ke tsintar 'yan wasa. Abin da na ke bukata ƙanƙane ne. Ka ba ni katin baftisma mai 2005 maimakon 2002. Sauran aikin, na kotu da na fasfo, ka bar mini."

Ya kuma yanka kuɗin hidimarsa, sefa miliyan biyu, rabi yanzu, rabi in biza ta fito.

Da ma in ce muku na tashi tsaye na nuna masa ƙofa. Ban yi haka ba. Cewa na yi ya ba ni mako guda in yi tunani. Wanda ya san abin da a ke ba katekis a ƙarshen wata ba zai yi mamaki ba. Maiɗakina tana tuyar ƙosai da safe domin tukunya ta hau da dare. Bayan Dogo akwai ƙanne biyar. Ga kuma wata murya a zuciyata tana cewa, ai mutane nawa ne a ƙasar nan ba su san ranar haihuwarsu ba, sai alƙali ya ƙiyasta musu? Wa za a cuta in an rage shekara uku?

A dare na huɗu na ɗauki fitila na tafi majami'a ni kaɗai, na buɗe akwatin, na fito da littafi na uku. Ga rubutuna na ƙuruciya, ga sunan yaron, ga sunan dattijon da ya tsaya masa, wanda yanzu ya riga mu gidan gaskiya. Na duba lambar nan ta ƙarshe, 2. Ɗan kankarewa kaɗan da jan alƙalami sau ɗaya sun isa ta zama 5. Na daɗe zaune, alƙalami yana aljihuna.

Abu uku suka riƙe mini hannu. Na farko, kowace Asabar ni ke tsayawa gaban yara in koya musu doka ta takwas, wadda ta hana shaidar zur. Na biyu, littafin nan ba nawa ba ne. Ranar da aka ce akwai layi ɗaya na ƙarya a cikinsa, to, duk sauran layukan sun zama abin shakka, har da na gwauruwar da za ta zo neman shaidar aurenta, da na marayan da ba shi da wata takarda a duniya sai wannan. Na uku shi ne amsar tambayar da muryar nan ta yi mini. Akwai wanda za a cuta. Wani yaro ne ɗan shekara 16 na gaskiya, a wata ƙasa, wanda za a sa ya kara da ƙato ɗan shekara 19, a ce ya kāsa, a ba ɗana gurbinsa. Ban san shi ba, amma shi ma ɗan wani ne. Na tuna da Isuwa, wanda ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda akushi ɗaya na abinci. Shi nasa ya sayar. Ni kuwa ina shirin sayar da na ɗana.

Na mayar da littafin, na kulle. Da mako ya cika na ce wa mutumin ba zan iya ba. Ya yi murmushi, ya ce, "Malam, gaskiyarka ba za ta sayi tikitin jirgi ba." Ya karɓi takalmansa ya tafi.

Abin da ya biyo baya ya fi daren nan wuya. Dogo bai taɓa ɗaga mini murya ba, ran nan ma bai ɗaga ba. Ya durƙusa kamar yadda ya saba, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, ashe ka fi son littafi da ni." Daga nan ya daina cin tuwo tare da ni. Gaisuwar safe kaɗai ke haɗa mu. Uwarsa ta yi kwanaki ba ta ce uffan ba, har na ɗauka ita ma tana bayansa. Wata rana da dare, tana gyaran wake, sai ta ce, "Malam, ka tuna ranar da na haife shi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ka kai ni asibiti a amalanke? In an goge ranar nan, wahalar wa aka goge?" Maganar nan ce ta riƙe ni tsawon watannin.

Ya ci jarrabawar bak a shekarar, ya tafi Yamai wurin ƙanena, tafiyar fiye da kilomita 600, ba tare da ya nemi shawarata ba. Da safe yana taya shi tsaron shago, da yamma yana wasa a wata ƙungiya, da dare yana koyon Ingilishi. Mai horar da su ne ya fara gaya masa cewa akwai wata ƙofa, wadda ba a bukatar mutum ya rage tsawon shekarunsa kafin ya shiga. Ita ce ƙaramar kwaleji ta shekara biyu, wadda 'yan wasa ke kira juko.

Bari in bayyana yadda abin ya ke, gama ni ma sai da aka zaunar da ni aka koya mini. A Amurka, ban da jami'o'i masu shekara huɗu, akwai kwalejoji na shekara biyu, da yawansu a ƙananan garuruwa. Wanda ya gama ya kan sami takardar shaida, ya kuma iya wucewa jami'a ya ƙarasa sauran shekara biyu. Galibinsu suna ƙarƙashin wata hukumar wasanni mai suna NJCAA, wadda aka kafa a 1938. Tun 1949 a ke yin babbar gasarsu ta maza a garin Hutchinson na jihar Kansas, a watan Maris, masu neman 'yan wasa daga jami'o'i kuwa su kan cika wurin. Ƙofa ce ta waɗanda aka tsallake: wanda makinsa bai kai ba, wanda ya makara, wanda ba a san garinsu ba. Jimmy Butler, wanda ya zama babban tauraro, ta nan ya bi. Ya yi shekara guda a ƙaramar kwalejin Tyler a Texas, ya wuce Jami'ar Marquette, aka ɗauke shi NBA a 2011.

A wannan hanya ba wanda ya zo da mota. Mai horarwar ya sa aka ɗauki bidiyon wasanninsu da wayar hannu, wasa biyu cikakku daga farko har ƙarshe, gama ya ce koci mai hankali ba ya yarda da guntayen da aka tsinto masu kyau kaɗai. Yana so ya ga yadda yaro ke komawa tsaron gida sa'ad da ya gaji, da abin da ya ke yi in an ƙwace masa ƙwallo. Dogo ya riƙa aika wasiƙu ta imel, kusan arba'in, kowace da tsayinsa, da makin bak, da ranar haihuwarsa ta gaskiya. Uku suka amsa. Biyu suka ce suna so.

Ranar da ya dawo gida da takardun, cikin watan Afrilu na 2022, shi da kansa ya ce, "Baba, mu je wurin Fada ya karanta mana." Wannan "mu" ita ce sulhunmu.

Fadanmu na lokacin ya iya Ingilishi sosai. Ya sa tabarau, ya bi takardun layi layi, kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa. Wasiƙa ta farko daga wata kwaleji ce a California, cike da yabo, da hoton teku. Fada ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ban ga inda suka ce za su biya ba." Ashe kwalejojin shekara biyu na jihar nan suna da hukumarsu dabam, kuma ba a yarda su ba da tallafin karatu saboda wasa ba. Gayyata ce ta gaskiya, amma baƙo ne zai zo da tuwonsa. Ta biyu daga wani ƙaramin gari ne a Kansas. Nan Fada ya koya mana cewa kwalejojin hukumar NJCAA rukuni uku ne. Na ɗaya suna iya ɗaukar kuɗin makaranta, da ɗaki, da abinci, da littattafai. Na biyu kuɗin makaranta da littattafai kaɗai, ba ɗaki, ba abinci. Na uku ba su biyan kome saboda wasa. Wannan ta rukuni na ɗaya ce. Amma ya sa yatsa a wani layi, ya ce mu lura: alkawarin na shekara guda ne. In shekara ta ƙare, sai an sabunta.

Muka kira kocin ta WhatsApp, Fada yana fassara. Na tambaye shi abin da uba zai tambaya. Wa zai biya in yaron ya ji rauni? Ina zai kwana, me zai ci, sa'ad da aka rufe makaranta lokacin Kirsimati? In bai yi wasa da kyau ba, za a kore shi a tsakiyar shekara? Ya amsa wasu yadda na ke so, wasu kuwa ya ce gaskiya wannan nauyinmu ne. Wannan ya sa na amince da shi. A ƙarshe na ce a gaya masa yaron zai cika shekara 20 kafin ya iso. Ya ce ya gani a takarda, ba abin da ya dame shi, shi dai mai tsaron ƙarƙashin kwando ya ke nema. Bai nemi ko dala ɗaya ta shiga aljihunsa ba.

Duk da haka tafiyar ba kyauta ba ce. Sai da aka fassara takardun bak zuwa Ingilishi, ya zauna jarrabawar harshen, kafin kwalejin ta aiko da takardar da a ke kira I-20. A shekarar, kuɗin rajistar ɗalibi baƙo dalar Amurka 350 ne, na neman biza 160, watau fiye da jaka ɗari uku na sefa, ban da fasfo, da inshorar lafiya, da guzuri. Muka sayar da sa guda da mu ke kiwo. Zumuntar mata suka yi karo-karo. Maƙwabcina Alhaji, wanda mu ke katanga ɗaya da shi shekara ashirin, ya aiko da ambulan, ya ce, "Ɗanka ɗana ne, Malam." Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya.

A ofishin jakadancin Amurka da ke Yamai aka ɗauki zanen yatsunsa, aka yi masa tambayoyi. Ya ce mini da aka tambaye shi shekarar da ya gama firamare, da shekarar da ya ci bak, amsa ta fito ba tare da ya tsaya yin lissafi ba. Mai gaskiya ba ya bukatar harda. Daga baya ya aiko mini da labarin wani ɗan Sudan ta Kudu da aka tsare a 2016 a garin Windsor na Kanada. Yana yi wa wata sakandare wasa a matsayin ɗan shekara 17. Da ya nemi shiga Amurka, sai zanen yatsunsa ya yi daidai da na wata tsohuwar takarda da ta nuna shekarunsa 29. A ƙarƙashin labarin Dogo ya rubuta mini kalma biyu: "Na gane."

Ya tashi a watan Agusta na 2022. Hoton farko da ya aiko ya ba mu dariya: gonakin dawa ne iyakar ganin ido, a ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar ta Gobir. Ashe Kansas ce kan gaba a noman dawa a duk Amurka, sai dai su dabbobi su ke ba yawancinta. Uwarsa ta ce, "To, ai bai yi nisa ba."

Amma ya yi nisa. Sanyin can ya sa shi kuka a watan Janairu, shi da kansa ya faɗa. Horo tun da asuba, aji da hantsi, horo kuma da yamma, tafiyar dare a mota zuwa wasa a wani gari. Doka ta ce sai ya ɗauki darussa cikakku, ya kuma ci su, in ba haka ba ya rasa wasa, ya rasa izinin zama. Aikin kuɗi kuwa sai a cikin makaranta, kada ya wuce awa 20 a mako. Shekarar farko ya fi zama a benci da shiga fili, gama a can kowa dogo ne, kowa kuma yana neman gurbin da kai ka ke nema. Watan Afrilu ya zo mana da fargaba, har sai da ya bugo waya ya ce an sabunta alkawarin. A shekara ta biyu ya sami shiga sosai. Ƙungiyarsu ba ta kai Hutchinson ba. A watan Mayu na 2024 ya karɓi takardarsa, wata ƙaramar jami'a kuma ta ɗauke shi ya ci gaba da wasa, yana karanta ilimin noma.

Ba zai shiga NBA ba, shi ma ya sani. Ƙungiyoyi 30 ne, sababbin da su ke zaɓa kuwa ba su wuce 60 a shekara ba, daga duniya duka. Ƙwallon ba ta kai shi inda mai motar nan ya yi alkawari ba, amma ta biya masa karatun da ni ba zan iya biya ba ko da na sayar da gidan da mu ke ciki.

Akwai kuma farashin da ba a rubuta a takarda ba. Mahaifiyata, wadda ta goya shi, ta rasu a 2023, ta waya ya ji. Siakam ɗin nan da aka yi mini misali da shi, wanda tun yana yaro mahaifinsa ya sa shi makarantar horon firistoci a Bafia, shi ma da uban ya rasu a haɗarin mota a 2014 bai sami zuwa jana'iza ba saboda matsalar biza. Mai motar bai gaya mini wannan ɓangaren labarin ba. A watan Yuli na 2025 kuma ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya dakatar da ba da biza, sai muka ce masa ya zauna inda ya ke har ya gama, kada ya zo gida hanyar komawa ta rufe. Tun ranar da ya tashi uwarsa ba ta taɓa shi da hannunta ba.

Ba na so wani ya karanta wannan ya ce Allah ya biya ni ne domin na ƙi yin ƙarya, kamar dai ciniki muka yi. Da wasiƙu arba'in ɗin nan duka sun tafi ba amsa, da Dogo yana tsaron shago a Yamai har yau yana jin haushina, da abin da na yi a daren nan yana nan daidai. Sai dai da ya fi mini ciwo. Alheri ne kawai aka yi mana, muka ga ƙofa ta buɗe da idonmu.

Ya ku 'yan'uwana iyaye, in wani ya zo yana yabon tsayin ɗanku, ku ba shi ruwa ya sha, ku saurare shi, sa'an nan ku nemi takarda. Ku kai ta wurin wanda ya iya harshen, wanda kuma ba shi da riba a ciki. Ku tambayi rukunin makarantar, da abin da za ta biya, da abin da ba za ta biya ba, da tsawon alkawarin. Ku yi magana da kocin baki da baki. Wanda ya fara da neman miliyoyi, ko ya ce a taɓa ranar haihuwa, ku raka shi bakin ƙofa da mutunci. Ku sa yaro ya riƙe karatunsa, gama gwiwa tana iya karyewa a wasa ɗaya.

Makon jiya na yi wa jarirai uku rajista a littafi na huɗu. Kafin in kulle akwatin na buɗe na uku, na duba layin nan. Lambar tana nan yadda na rubuta ta da daminar 2002. Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu da ke baƙunci a ƙasashen mutane, ya dawo mana da su da sunayensu da shekarunsu cikakku. Amin.